Ma'ajiya Ta Rufe Littafi

Daren da muka rushe ƙungiyar unguwa
yayyafi ake yi a Ohio, siriri, marar hayaniya.
Mun taru a ɗakin taron da rufinsa ke yoyo,
bokiti a tsakiyarmu yana ƙirga ɗigo
kamar shi ma yana da ƙuri'a.

Talatin da bakwai suka ɗaga hannu.
Mu tara muka naɗe namu a cinya.
Gida biyu ba su zo ba: ɗaya na asibiti,
ɗaya ya daɗe da daina gaishe mu.

Wendell Haskins ne ya fara tafi.
Ban ga laifinsa ba. Sau uku
muna aika masa takardar tara
don ya shafa wa ƙofarsa shuɗin fenti,
launin da matarsa ta zaɓa kafin ta kwanta dama.
Ni na sa hannu. Duka ukun.

Shekara goma sha tara ina riƙe da littafin kuɗi,
ni Lorna Pruitt ta gida mai lamba takwas.
Na san mai biya tun wata bai kama ba,
na san wanda sai ƙafata ta gaji.
Asusun ko-ta-kwana muka tara, tarin tururuwa,
don ranar da titi zai tsage,
don ranar da injin tafki zai yi shiru.
Lauya ya yanki nasa, saura
dala dubu sittin da ɗaya da ɗari huɗu da arba'in.
Gida arba'in da takwas,
kowa dubu da ɗari biyu da tamanin.
Ko sisi bai yi gardama ba.
Kuɗi akwai sauƙin kai, sun yarda a yanka su.

To tafkin ninkaya fa?
Wa zai ɗebi rabonsa na ruwa ya kai gida?
Hukumar gari ta karɓi titi da fitilu tana tsaki,
ta leƙa tafki, ta ce ba ta cin gadon wahala.
Takarda ta ce yanzu na kowa ne.
Na kowa, wato maraya.

Kafin bazara ta tsufa ruwan ya koma kore.
Kwaɗo ɗaya a ƙofa, kwaɗi ɗari a ciki,
su ne sabon kwamiti, kuma ba sa ɗage zama.
'Yar Marisela Quintanar ta ƙwanƙwasa mini
da tawul a wuya, ta ce yaushe za a buɗe.
Makullin yana aljihun tebur, tsakanin almakashi da tsoffin batura.
Na ce mata ta tambayi kowa.
Ta ce, a ina kowa yake zaune?

Ciyawar filin wasa ta kai gwiwar lilo.
Wani ya yanke gefen da ke kallon tagarsa,
ya tsaya cak inda idonsa ya tsaya.
An kwance tsintsiya, kowane tsinke
yana share gaban kansa.
Ba zan ɓoye ba, unguwa ta yi launi:
ƙofa ja, ƙofa ruwan ɗorawa,
jirgin ruwan Dale Yoder kwance a kan ciyawa
kamar saniya mai tuƙa.

Dusar ƙanƙara ta sauka cikin Janairu.
Motar gari ta share babban titi ta wuce,
'yar hanyar akwatunan wasiƙa ba ta cikin takardarta.
Da asuba na ji ƙarar shebur.
Wendell ne, shekara saba'in da huɗu, hula har kunne.
Ya share hanyar, ya share matakalata, bai ɗago ba.
Na buɗe taga zan ce shuɗin ya yi kyau,
sanyi ya riga ni magana.

Cek ɗina ban kai banki ba har yau.
Yana cikin littafin, a shafi na ƙarshe.
Ranar Lahadi nakan je ɗakin taro
in zubar da bokitin.